Ba a Mirgina Sandar Desmond

Sandar sinukar Norris Sugden, wadda yake tura ƙwallaye cikin ramukan tebur da ita, ta lanƙwashe ne yana kwance a asibiti. An yi masa aikin ƙugu a ƙarshen hunturu, mijin 'yarsa ya zo kwashe kayan falo domin a sauko masa da gado ƙasa. Ya zaro sandar daga jakarta ya ga ko mece ce, ya jingine ta da bango kusa da hita mai ɗumama ɗaki, ya ci gaba da aikinsa. Ta yi makonni a wurin. Ranar da Norris ya fara tsayuwa ba tare da an riƙe shi ba, ya ɗauko ta, ya kanne ido ɗaya, ya bi tsawonta da kallo. Bakinta ya karkace zuwa hagu, yadda ko wanda bai taɓa wasa ba zai gani.

Bai yi wa kowa faɗa ba. Ya mayar da ita jakarta, ya ce a dafa shayi.

Shekarunsa saba'in da ɗaya, makanikin bas ne da ya yi ritaya, kuma tun yana saurayi yake buga wa kulob ɗinmu na Elland wasa. Sandar ta haura shekara talatin a hannunsa. Desmond Pogson ne ya sassaƙa ta, kamar yadda ya sassaƙa kusan duk wata sandar kirki da ke wannan kwari. Shi ne kuma abokin ango a bikin Norris. Tare suka yi makaranta, tare suka fara shan sigari, tare suka daina. Gasa za ta dawo a watan Satumba, Norris na bukatar sanda. A da wannan ba abin tunani ba ne. Ka tsallaka titi, ka ƙwanƙwasa ƙofar rumfar Desmond, ka jira.

Matsalar ita ce idon Desmond. Shekara biyu ke nan tsakiyar ganinsa na dushewa, shi kuwa bai yarda ba, ba ya ma son a ɗauko zancen. Da murya yake gane mutane. Sanduna biyu na ƙarshe da suka fito daga hannunsa ba su miƙe ba. Ɗaya ta Glenys Firth ce, kyaftin ɗinmu, ɗayar ta Shafiq Dar, mai kantin magani. Dukansu sun biya, sun yi godiya, sun yaba, sannan suka ajiye su a gida. Kowa a kulob ya sani, ban da wanda ya yi su.

Ranar Lahadin da Norris ya dawo kulob yana dogara kwagiri, Desmond na zaune a doguwar kujerarsa ta bakin taga, inda yake zama yana sharhi a kan wasan kowa. Norris ya miƙa masa tsohuwar sandar. Desmond ya shafa ta da tafin hannu daga gindi har baki.

"Wa ya yi wannan ɗanyen aikin?"

"Mijin Tracey. A hita ya jingine ta."

"A hita." Desmond ya girgiza kai. "Ai tun ranar auren na gaya maka. Shekara uku itacen nan ya yi a rataye kafin in sa masa hannu, shi kuma ya zo ya gasa shi kamar burodi."

"Za ta gyaru?"

"Kai ka gyaru? Sabon ƙugu aka sa maka, ba tsohon aka miƙar ba. Bar ta kawai. Zan yi maka wata."

Shafiq ya duƙufa yana goga alli a bakin sandarsa, wadda ta riga ta ji alli.

Glenys ta jira har Desmond ya shiga bayi, ta ja Norris wajen tukunyar shayi. Shekara talatin ta yi tana girki a makarantar firamare, har yanzu kuma haka take magana da manya, kamar yaran da suka zo layin abinci.

"Saurara, Norris. Ka ce masa to. Idan ya gama ka karɓa, ka ce ba ka taɓa riƙe irinta ba. Sannan ka hau bas ka je Keighley wurin Janine Holroyd, ka ce ta yi maka mai baƙin gindi irin nasa. Daga kan kujerar can ba ya bambancewa."

"Haka kuka yi?"

"Haka muka yi. Kowa ya zauna lafiya."

"Sanda biyu, ni mai ƙugu ɗaya na kirki."

"To ka zaɓa. Ko ka ƙi shi ido da ido, ko ka zo mini gasa da karkatacciyar sanda in zaunar da kai a benci. Ni dai ba zan sake komawa rukunin ƙasa saboda kunya ba."

Norris ya juya cokali a kofinsa.

A tsakiyar makon ya hau bas zuwa Keighley, bai gaya wa kowa ba. Abin da ya faru a can daga bakinsa muka ji daga baya.

Wurin aikin Janine Holroyd na hawa na biyu a wata tsohuwar masaƙa. Mace ce 'yar shekara arba'in da wani abu, da kujeru ta fara kafin ta koma sanduna. Akwai injin juya katako guda biyu, da sikeli, da teburin wasa a tsakiyar ɗakin. Ba ta tambaye shi me yake so ba. Ta ba shi wata sanda ta ce ya buga, ta tsaya a bayansa, ta koma gefensa, ta tsuguna ta dubi inda haɓarsa ke sauka. Ta auna shi daga ƙasa zuwa kafaɗa. Ta ce tunda ƙugun ba ya barin shi ya sunkuya kamar da, gara a rage tsawon sandar kaɗan, a matso da nauyin gaba. Sannan ta zaro tsohuwar daga jaka, ta juya ta a haske.

"Ta Pogson ce."

"Ta yaya kika sani?"

"Dubi harsunan baƙin itacen nan da ke hawa cikin farin. Huɗu ne, duk tsayinsu ɗaya, kuma da hannu ya yi. Ni da inji nake yi, wani lokacin ma sai na sake. Yana nan?"

"Yana nan, yana zagin mutane."

Ta yi dariya, ta ajiye sandar.

"Kai ne na uku daga Elland. Biyun farko duk cewa suka yi in yi musu baƙin gindi, kar in sa sunana. Na yi, don na fahimci dalili. Amma na gama da wannan, Mista Sugden. Ba satar hanya nake yi ba. Idan na yi maka, tambarina zai hau." Ta nuna masa a wata sandar, wani ɗan farin faifai kamar maɓallin riga, manne a gindi, da sunanta a jiki. "Ko ba ya gani, babban yatsansa zai ji."

"Tsawon wane lokaci?"

"Wata biyu daga ranar da ka ce in fara."

Norris ya ce zai yi tunani. Ta ce ya yi, amma ya sani masu jira suna da yawa.

Da ya sauka daga bas bai shiga gida ba, ya zarce rumfar Desmond da ke bayan gidansa. Ƙamshin mai da na ɗanyen katako ya tare shi a ƙofa. Sandunan da ba a gama ba na rataye daga rufi, kowacce da igiyarta. Aikin Desmond ke nan tun fil azal: ya kankare kaɗan da hannu, ya rataye itacen ya huta watanni, ya sauke ya sake kankarewa, ya ɗaga shi wajen taga ya duba da ido. Ba ya auna mutum, ba ya tambayarsa. Cewa yake yi ya kalli wasanka shekara da shekaru, ya fi ka sanin abin da kake bukata. Yawanci kuma gaskiyarsa ce.

Desmond ya riga ya fara. Farin itacen na kan benci, ya ɗauki siffa.

"Shigo ka rufe ƙofa, kana shigo mini da danshi. Ga taka nan. Ƙarshen Agusta ka same ta."

"Agusta? Ta farkon sai da na yi shekara ina bin ka."

"A lokacin muna da shekarar. Yanzu ni ba ni da ita, kai ma da wannan ƙugun na roba ban ga alama ba."

Ya ɗaga itacen wajen taga, ya kanne ido, ya juya shi a hankali, ya gyaɗa kai. Daga inda Norris ke tsaye yana ganin ɗan lanƙwasa wajen baki. Desmond ya ajiye, ya miƙa hannu neman kofin shayinsa, hannun ya sauka a gefen kofin, ya laluba, ya kama.

"Ina ka je yau? Na ji warin bas a jikinka."

"Asibiti," in ji Norris.

Ya zauna ya sha shayi. Suka yi zancen ƙwallon ƙafa, da maƙwabcin da ya sare bishiyarsa ba izini. Hirar ta yi daɗi, kamar kullum.

Ranar Lahadin ƙarshe ta Agusta Desmond ya zo kulob da sandar a naɗe cikin tsohon bargo. Ya sa rigar da yake zuwa jana'iza da ita. Ya kwance bargon a kan kantar kulob, mutane suka matso. Aikin ya yi kyau, ba wanda zai musa. Itacen ya sha mai har yana ɗaukar ido, haɗin baƙi da fari sumul, zoben tagullar baki a zaune daram. Duk abin da hannu ke iya yi shi kaɗai, ya fita.

"Gwada ta," in ji Desmond, ya hau kujerarsa.

Norris ya jera ƙwallaye. Na kusa da rami sun shiga. Ya ajiye jar ƙwallo guda ɗaya a can ƙarshen tebur, miƙe sak da farar da ake bugawa, irin bugun da ya yi sau dubbai. Ta daki bakin ramin ta dawo. Ya sake jerawa, ta sake dawowa, ta gefen da ta bi da farko.

"Ƙugun ne," in ji Desmond. "Kana tashi kafin ka gama bugu."

"Sai ta saba da hannunsa," in ji Glenys da sauri. Ta kafe Norris da ido. "Kyakkyawa ce, Des. Ko ba haka ba, Norris?"

A kulob ɗinmu ba a mirgina sandar Desmond a kan tebur. A ko'ina, wanda ya ɗauki baƙuwar sanda yakan kwantar da ita ya gara ta da tafin hannu, ya ga ko bakin na tsalle. Desmond ya hana wannan tun shekaru arba'in da suka wuce. Yana da hujjoji: gindin sandar hannu na da shafaffen gefe, teburin kansa ba kullum yake daidai ba. Amma ainihin dalilin shi ne yana ganin abin kamar a ba ka abinci ka shinshina a gaban mai girki. Wani mutumin Halifax ya taɓa yi a gabansa. Desmond ya karɓe sandar, ya mayar masa da kuɗinsa, bai sake yi masa magana ba. Duk sabon ɗan kulob, wannan ne abu na farko da ake gaya masa.

Norris ya tsaya riƙe da sandar. Ya dubi Glenys, ya dubi Desmond da rigarsa ta jana'iza. Sannan ya kawar da ƙwallayen gefe, ya gindaya sandar a kan gefunan teburin biyu, gindin ya wuce ta can, bakin ya wuce ta nan, yadda ba za a ce shafaffen gefen ne ko ƙyallen tebur ba. Ya ɗora tafin hannu ya gara ta.

Bakin sandar ya yi sama, ya yi ƙasa, ya yi sama.

Desmond bai gani ba, amma ya ji ƙarar itace a kan itace, ya kuma ji ɗakin ya yi tsit.

"Me kake yi?"

"Mirgina ta nake yi, Des."

"A gabana."

"A gabanka. Sauko ka sa yatsa."

An ɗan jima kafin ya sauko. Norris ya kai hannu zai kama masa wuyan hannu, Desmond ya fizge. Ya laluba da kansa har ya sami bakin sandar, ya sa yatsa a ƙarƙashinsa. Norris ya gara. Bakin ya taɓa yatsan, ya rabu da shi, ya sake taɓawa.

"Sake."

Norris ya sake.

"Teburin ne."

"Ba teburin ba ne."

Desmond ya miƙe. Ya juya wajen da ya ji muryar Glenys, ya buɗe hannu.

"Kawo taki."

"Haba Des, mene ne kuma na..."

"Kawo."

Ta miƙa masa. Bai ɗaga ta wajen haske ba. Babban yatsansa ya bi gindin sau ɗaya.

"Wannan ba tawa ba ce. Fenti ne a jikinta. Shafiq?"

"Tana gida, Mista Pogson. A jakarta. Ina shafa mata mai, ban taɓa fashi ba."

"Madalla. Tun yaushe?"

"Tun bara," in ji Glenys.

"Na ji sautin bugunku ya canja. Na ɗauka fatar bakin sanda kuka sake." Ya mayar mata da sandarta, ya ɗauki tasa daga kan tebur, ya naɗe ta a bargon. Ya sa hula. "Ku ci gaba da wasanku."

Ya fita ba tare da ya buga ƙofa ba. Glenys ta juya ga Norris.

"To ka ji daɗi?"

"A'a."

"Shekara guda muna lallaɓa abin nan."

"Na sani. Kun iya." Ya ɗauki sandar haya daga bango. "Wa ke bugawa?"

Lahadi biyu Desmond bai zo ba. Ba wanda ya hau kujerar bakin taga. An buɗe gasa, Norris ya buga da sandar kulob ya sha kashi, mako na gaba Glenys ta zaunar da shi, bai yi gardama ba. Ya buga wa Desmond waya, ba a ɗauka ba. Daga nan ya sayi kek ɗin citta a gidan burodin kan kwana, ya tsallaka titi.

Ya same shi a lambu, zaune a kan juyayyen bokiti. Sabuwar sandar na kafe a ƙasa, an ɗaure mata tumatir.

"Tumatir ba ya ƙorafi," in ji Desmond. "Me ka kawo? Na ji ƙamshin citta."

"Na kan kwana ne."

"Busasshe ke nan. Yanko mini."

Norris ya sami wani bokitin ya zauna da ƙyar, ƙafa ɗaya a miƙe. Suka ci kek.

"Me ya sa a gaban mutane?" in ji Desmond.

"Da a rumfa na yi, da ka ce hasken taga ne. Ka kore ni, su kuma su ci gaba da tafa maka."

"Su dai sun ji tausayina. Kai ba ka ji ba."

"Na ji. Sai na ga ba abin da kake so ba ne."

Desmond ya kakkaɓe garin kek daga wandonsa.

"Na so in fasa maka hanci."

"Da ka same shi?"

Desmond ya yi wata 'yar ƙara ta hanci, wadda a wurinsa ita ce dariya.

"Wa ya yi musu?"

"Janine Holroyd. Keighley."

"Mai inji."

"Kallo ɗaya ta yi wa tsohuwar ta ce taka ce."

"Kowa na gane aikina, wannan ba abin yabo ba ne." Ya dakata. "Ka je ke nan."

"Na je. Ranar da na ce maka asibiti."

"Munafuki."

"E."

"Ka ba ta aikin?"

"Ban ba ta ba tukuna. Na ce sai na yi tunani."

"Kai da tunani. Shi ya sa kake zaune a benci." Desmond ya miƙa hannu, Norris ya sa masa wani yankan. "Ma'aunin sandar Glenys ba laifi, wannan kam na yarda. Amma fentin nan, kamar ka riƙe ƙarfen bas. Zafi na zuwa za ta manne maka a yatsu. Kai kuma ga gumin hannu."

"Sai ka gaya mata."

"Zan gaya mata. Ai ba zan bari ka je kai kaɗai ba, abin da aka miƙa maka za ka karɓo kana godiya."

Suka tafi ranar Alhamis. Hawa biyun masaƙar ya ɗauke su lokaci, ɗaya na jan ƙafa, ɗaya na laluben ƙarfen bene, kowa na cewa ɗan'uwansa ne ke tare hanya. Janine ta kashe injin da ta gan su, ta goge hannu a riga.

"Mista Pogson. Na daɗe ina son haɗuwa da kai."

"To ga ni. Ke ce ke shafa wa itace fenti?"

"Ni ce. Rabin masu saye ba sa tuna mai sai sandar ta bushe ta tsage, sannan su dawo su ce laifina ne."

"Sai ki daina sayar wa irinsu."

"Sai in daina cin abinci. Shayi?"

Ya zagaya ɗakin yana taɓe-taɓe. Ya ɗora hannu a kan injin, ya tambayi saurinsa, ya ce ya yi yawa. Ta ce shekara goma sha biyu take a haka ba ta ƙona itace ba. Ya tambayi tsawon lokacin da take barin itace ya huta, ta faɗa, ya ce bai isa ba, sannan ya ce amma ba laifi. Ta ɗebo fararen itatuwa kusan goma ta jera a kan benci. Desmond ya ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Kowanne sai ya riƙe shi da yatsu biyu, ya buga gindinsa a ƙasa ya saurara, ya danna shi da tafi ya ji yadda yake dawowa. Ya ware guda.

"Wannan."

Janine ta ɗaga shi wajen taga.

"A'a. Jijiyarsa ta murɗe wajen baki. Ba zai kai shekara biyu ba zai bi ta."

Norris ya dubi ƙasa. Desmond ya bi wurin da ta ambata da yatsansa.

"Ba ya jiyuwa," ya ce.

"Ba ya jiyuwa. Sai an gani."

"To cire shi."

Ita ma ta zaɓo nata, ya buga shi a ƙasa ya ce muryarsa ta mutu, ta buga da kanta, ta saurara, ta mayar da shi cikin tari. A na uku suka daidaita. Suka koma kan tsawo. Ta ce a rage, ya ce Norris bai taɓa riƙe gajerar sanda ba. Ta ce Norris bai taɓa samun ƙugun roba ba. Ya ce a rage rabin abin da ta faɗa.

"Ni fa zan riƙe ta," in ji Norris.

"Sha shayinka," in ji Desmond.

Maganar fenti ce ta fi daɗewa. Janine ta ce mai sai an shafa an bari ya sha, an sake shafawa, makonni ana abu ɗaya, ita kuma tana da mutane a layi. Desmond ya ce ta ba da ita ba komai a jikinta, shi zai shafa, wannan ba aikin ido ba ne. Ta yi tunani, ta ce to, amma tambarinta na nan.

"Sa abinki. Wanda ya yi aiki shi ke sa suna. Sai dai ki nutsa shi sosai, kar ya riƙa ƙaiƙayin hannu."

Norris ya ce ta fara. Ta ce tsakiyar Nuwamba. Ya lissafa wasannin da zai kalla daga benci, ya ga ba su kai yadda ya zata ba.

A tashar bas an fara yayyafi. Suka tsaya ƙarƙashin rumfa, Desmond na ta bayani: shayinta ruwa ne zalla, ɗakin ya cika haske, ƙurar injin za ta kashe ta kafin ta kai sittin. Ya ce amma tana da kunne. Ya ce Glenys kuwa sai ta saya masa giya har Kirsimeti kafin ya yi mata magana, Shafiq kuma ya dawo masa da tasa, akwai wake a lambu da ke neman abin hawa.

Wata bas ta kunno kai daga kwana. Desmond ya ɗaga kai wajenta, ya ƙanƙance ido, ya daɗe a haka.

"Norris."

"Na'am."

"Wace lamba ce wannan?"

"Ba tamu ba ce. Ta Skipton ce."

"To idan tamu ta zo ka faɗa mini. Kar ka tsaya tunani."

Tasu ta zo bayan wannan. Norris ya faɗa. Desmond ya kama masa gwiwar hannu, suka hau a hankali, direban na jira, suna gardamar wanda zai zauna ta taga.